A Duba Mahaɗi Kafin A Ɗora Kaya

Wanda duk ya bi hanyoyin ƙauyukan ƙasar Bunguɗu da kaka, daga Furfuri har Nahuce, ko kuwa ya bi ta Kwatarkwashi ya nufi Tsafe, ba zai rasa cin karo da abu guda ba. Zai ga tantan, ko a-kori-kura, ko wata tsohuwar Land Rover, tana tafe tana nishi, ga tirela a bayanta an yi mata lodin dawa ko masara ko waken soya har ta yi tozo, ga 'yan ƙwadago biyar ko shida zaune bisa buhuna suna taɗi. Mai kallo ya kan dubi yawan buhunan ya ce, "Kai, bana wane ya yi noma!" Mu kuwa abin da mu ke so jama'a su riƙa duba shi ne ɗan ƙarfen nan da ke tsakanin motar da tirelar, wanda tsawonsa bai fi taƙi guda ba. Shi ne mahaɗi. Buhunan nan duka, da mutanen da ke bisansu, da yarinyar da ke tafe a gefen hanya da tallan gyaɗa, duk a wuyan wannan ƙarfe su ke rataye, ko sun sani ko ba su sani ba.

In mun ce tirela ba manyan nan mu ke nufi ba, masu tasowa daga Legas su bi kwalta har Sakkwato. Ƙananan mu ke nufi, masu ƙafa biyu ko huɗu, waɗanda wasu ke kira bodi, wasu kuma kura, waɗanda yawancinsu a nan gida maƙeran zamani ke ƙera su.

Abin nan ba tsoho ba ne a ƙasarmu. Kakanninmu da jaki da raƙumi da takarkari su ke kwasar amfanin gona, kuma mai jaki ya san iyakar jakinsa, don in ya wuce masa ƙima sai ya durƙusa ya gaya masa. Jirgin ƙasa ya iso Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka sami hanyar fita, motocin lori suka biyo baya suna kwaso su zuwa tasha. Land Rover ta fara fitowa a Ingila a 1948, ba a daɗe ba ta zama abin hawan Di'o da malaman gona da na dabbobi, domin tana shiga inda sauran motoci ba su shiga. A 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Gusau da taimakon Bankin Duniya, tare da na Funtuwa da na Gwambe, aka yi hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, tantan ta fara zama abin da manomi ke gani ba a hoto ba. Daga sa'an nan zuwa yau, balle bayan da aka yi Jihar Zamfara a 1996, na'ura sai ƙaruwa ta ke yi a hannun jama'a. Amma sanin iyakarta bai ƙaru tare da ita ba. Jaki ya kan yi gardama in an cuce shi, ƙarfe kuwa shiru ya ke yi har ran da zai karye.

Wata shekara da kaka, a wata hanyar burji da ke ɓullowa Furfuri, mun ga abin da ya sa mu ke wannan magana. Wata a-kori-kura ce ta sauka cikin busasshen rafi da tirela cike da dawa. Da ta zo hawa ɗaya gaɓar, direba ya ba ta wuta, sai muka ji ƙara kamar an sare itace. Motar ta haye ita kaɗai, tirela ta koma da baya ta kife cikin yashi. Waɗanda ke bisa suka yi tsalle, ɗaya bai sami zarafi ba, ya karye a cinya, magidanci mai 'ya'ya, a tsakiyar lokacin da ya ke samun abin da zai ci da rani. Da ƙura ta lafa muka je muka dubi inda ƙarfen ya rabu. Ashe a jikin bamba aka yi masa walda. Kuma wurin karayar kashi biyu ne: yawancinsa baƙi ƙirin da tsatsa, sai ɗan gefe kamar faɗin yatsa shi ne fari sabo. Watau tsagar ta yi wata da watanni tana ci, faɗin yatsan nan shi kaɗai ke jan kayan duka. Mai motar ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ba mu musa masa ba. Amma tsagar nan ta daɗe tana sallama a ƙofarsa, ba wanda ya sunkuya ya amsa.

To, kuskuren farko ke nan, kuma shi ya fi yawa: wurin da a ke kafa mahaɗin. Bamba ba ta da ƙarfin ja. Falle ce ta ƙarfe marar kauri, a wasu motocin ma roba ce, an yi ta don ta tare ɗan gogayya. Ƙarfin mota yana ga casis, watau dogayen ƙarafan nan biyu da suka taso daga gaba har baya, waɗanda inji da bodi duk a kansu su ke zaune. Su ne ƙashin bayan mota, kuma a jikinsu ya kamata mahaɗi ya kama, duka biyun, ta hanyar ƙarfe mai kauri da ya gitta tsakaninsu, don nauyi ya rabu daidai. Masu ƙera motocin daji sun san za a ja kaya da su, saboda haka galibi su kan bar ramuka a ƙarshen casis musamman don wannan aiki. Bakanike ya sunkuya ya wanke laka ya neme su tukuna, kafin ya ɗauko abin huda. A Land Rover ramukan suna jikin ƙarfen baya da ya gitta, amma fa a lura, ƙarfen nan daga ciki ya ke ruɓewa, domin laka ta kan taru a cikinsa ta riƙe damshi. A ƙwanƙwasa shi da guduma. In ya yi amo, madalla. In ya yi sautin tukunya mai tsaga, ko ɓarɓashin tsatsa ya zubo, to, a gyara shi kafin a yi zancen mahaɗi, don ba a ɗaure saniya a ruɓaɓɓen turke.

Sai batun walda, wanda mun san zai sosa wa wasu rai. Ba mu raina masu walda ba. Ba domin su ba, da rabin garmunan ƙasar nan da amalanken shanu suna jibge a bayan gida. Amma ƙera mahaɗi daban, liƙa shi a jikin casis daban. Mai walda ya zauna a rumfarsa ya ƙera mahaɗin da ƙarfe mai kauri, inda zai iya juya shi ya bi kowane gefe da wuta sosai, wannan aikinsa ne. Liƙa shi da wuta a jikin mota kuwa, yana kwance rigingine a ƙasa, da ɗan janareto wanda wutarsa ba ta kai ba, nan ne a ke samun waldar da ta zauna a bisa kamar danƙo ba ta ci ƙarfen ba. Ko da ma ta ci, casis ɗin motocin yanzu ƙarfe ne marar kauri wanda aka ba ƙarfi tun a masana'anta, zafin walda kuwa ya kan canja halin ƙarfen da ke gefenta. Casis kuma ba sandararre ba ne. A hanyar daji murɗawa ya ke yi yana komawa, sau dubbai a yini. Daga bakin waldar nan tsaga ke farawa, siririya kamar gashi, ta yi ta tafiya a ƙarƙashin laka. Abin da ya fi, a ɗaure mahaɗi da ƙusoshi masu noti, waɗanda a ke iya dubawa, a ƙara ɗaurewa, a canja. In tilas ta sa sai an yi sabon rami, a yi shi a gefen casis, kada a taɓa leɓensa na sama ko na ƙasa, domin su ke ɗauke da yawancin nauyi. A huda da abin huda, kada a ƙona ramin da wuta. Kuma duk ran da za a kai wuta kusa da bayan mota, a cire kan batir, a tuna tankin mai da bututun birki da wayoyi duk nan su ke bi.

Ƙusoshin ma ba duka ne ɗaya ba, ko da ya ke a ido sun yi kama. Wanda ya ɗauki ƙusa mai noti ya dubi kanta zai ga lamba, 4.6 ko 8.8 ko 10.9. Ba ado ba ne. Mai 8.8 ta ninka mai 4.6 ƙarfi wajen ja, ko da kaurinsu ɗaya. Aikin mahaɗi kada a yi shi da abin da ya gaza 8.8, wadda ba ta da lamba sam kuwa a bar ta wa ƙofar shago. A sa faffaɗan washa, ko ma falle mai kauri a bayan casis, don kada kan noti ya ɓula ƙarfen ya fice. In casis ɗin mai rami ne a ciki kamar akwati, sai a sa guntun bututu a cikinsa inda ƙusar za ta ratsa. In ba a sa ba, ɗaurin zai matse bangon biyu su loma, yau a ga ya ɗauru tam, bayan mako guda a ji yana kwaram-kwaram. Wasu kanikawa kuma suna ganin gwaninta ce a zura dogon bututu a sufana, mutum biyu su hau. Wannan miƙar da ƙusa ya ke yi, ta rasa ƙarfinta tun ba ta fara aiki ba. Akwai sufana mai ma'auni, kuma gareji guda a Gusau da ya mallake ta ya isa ya yi wa motoci da yawa. Bayan sawun farko da kaya, a sake bin notocin ɗaya bayan ɗaya.

Mahaɗi iri uku mu ke gani a nan. Akwai mai ƙwallo, wanda kan tirela ke kifuwa a kansa kamar ƙoƙo. Akwai ƙugiya mai murfi da zobe, irin ta motocin soja. Akwai kuma baki mai leɓe biyu da ƙusa ke ratsawa, irin na tantan. Mai ƙwallo shi ya fi daɗin tafiya a kwalta, amma yana da tarko wanda mutane kaɗan suka sani. Motocinmu na hannu ne, wasu daga Turai, wasu daga Amurka, kuma awonsu ba ɗaya ba ne. Ƙwallon Turai milimita 50 ne. Na Amurka akwai mai inci 2, wanda ya ɗara na Turai kaɗan, akwai kuma ƙarami wanda bai cika milimita 48 ba. Ido ba ya rabe su. Wanda ya kifa babban ƙoƙo a kan ƙaramin ƙwallo zai ga ya zauna lafiya, ya yi ta tafiya, sai ran da ya faɗa rami tirela ta yi tsalle ta fice. A auna, a karanta abin da aka buga a jikinsu, sa'an nan bayan an haɗa a sa jak a ƙarƙashin wuyan tirela a ɗaga. In ya kama, bayan motar zai biyo shi sama. In bai kama ba, gara ya fice nan a tsakar gida.

A hanyar fadama da kwazazzabo, inda mota ke karkata dama tirela na karkata hagu, mu a ganinmu ƙugiya da zobe ta fi. Ƙwallo yana da iyakar da zai juya, in an wuce ta sai dai wani abu ya ba da kai. Zobe kuwa yana da sarari. Aibinsa ƙara da fizga, amma ƙara ba ta kashe kowa. Ga masu tantan, babbar cutarsu guntun rodi. Ƙusar asali ta ɓace a gona, sai a yanko rodin gini a zura. Rodi don kankare aka yi shi, lanƙwashewa ya ke yi, kuma ba shi da ramin makulli a ƙasa, saboda haka gargada ta kan yi ta tura shi sama kaɗan kaɗan har ya fita. Ƙusar mahaɗi ta gaskiya tana da kai a sama, da makulli a ƙasa, kuma kaurinta ya kusa cika ramin. A ɗaure ta da 'yar sarƙa a jikin tantan don kada ta sake ɓacewa.

Tsawo kuma abin lura ne. Motar daji doguwa ce, tirelarmu kuwa sau da yawa gajera, sai a ga wuyanta ya ɗaga sama gindinta na sharar ƙasa. Kamata ya yi tirela mai kaya ta tsaya daidai, ba gaba ba baya. Don haka a kan sauko da mahaɗin ƙasa da falle mai ramuka. Amma falle in ya yi tsawo ya zama kamar sandar ɓanɓare dutse, kowace fizga murɗa casis ta ke yi, sai an tokare shi da ƙarafa biyu daga ƙasansa zuwa jikin casis ta gaba. In kuma ya sauka ƙwarai, zai riƙa noman gaɓar rafi duk sa'ad da motar ta zo fita. Wani lokaci gyaran wuyan tirelar ya fi sauƙi da aminci bisa ga sauko da mahaɗin.

Kome kyan aiki, ƙarfe ƙarfe ne. Saboda haka a ke sa sarƙa biyu, a gitta su a ƙarƙashin wuyan tirela, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, don in mahaɗi ya saki wuyan ya faɗa bisansu kamar cikin majanyi, kada ya soki ƙasa ya wuntsila. A maƙala su a jikin casis, ba a jikin ƙwallon da a ke tsoron karyewarsa ba. A bar musu sararin shan kwana, amma kada su ja ƙasa. Da tirelar rafin nan da muka faɗa tana da sarƙa, da magidancin nan ya gama kakarsa da ƙafafunsa. Igiyar rama da tsohon bel ba su maye gurbin sarƙa.

Yanzu ga maganar da masu motoci ba su son ji, watau nauyi. A Turai doka ba ta yarda ƙaramar mota ta ja tirela marar birki wadda ta wuce kilo 750 ba, har da nauyin tirelar kanta. Kamfanin Land Rover ya yarda wa motarsa Defender ta ja kilo 3,500 a kan kwalta in tirelar na da birki, amma da an sauka daga kwalta ya mai da abin kilo 1,000, marar birki kuwa kilo 500. A duba wannan rata. Su da suka ƙera motar sun san hanyar daji fizga ce, kowane rami ninka nauyi ya ke yi a kan mahaɗi. To, tirelolin da a ke ƙerawa a nan kusan duk ba su da birki. Buhun dawa kuwa wajen kilo 100 ne. In tirela ita kanta ta kai kilo 250, buhu 5 ya cika ma'aunin kwalta. Mu kuwa mun sha ƙirga buhu 20 a bayan a-kori-kura, watau tan 2, ga mutane a bisa. Mota za ta ja, ba shakka, musamman in an sa mata giyar daji. Ja ba shi ne wahala ba. Ranar da aka zo gangare, ko akuya ta gitta, tan biyun nan za su tura motar gaba, birkinta kuwa don nauyin kanta aka yi shi. Kuma a sani, in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da a ke bukata a tsai da kaya sau huɗu ya ke ninkawa. Ba mu ce manomin Furfuri ya bi dokar Turai harafi da harafi ba, amma tsakanin buhu 5 da buhu 20 akwai wurin da mai hankali zai tsaya, kuma wanda ke son jan kaya mai yawa kullum lalle ya nemi tirela mai birki, ko ya bar wa tantan.

Yadda a ke jera kayan ma yana da nasa. Mafi nauyi ya zauna gaban aksul kaɗan, har wuyan tirela ya danna mahaɗi da kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyin duka. In kaya ya rinjaya baya, wuyan zai riƙa ɗaga bayan motar, da an hau kwaltar Gusau zuwa Tsafe an ɗan saki gudu sai tirela ta fara rawa, dama da hagu, tana kaɗa motar kamar jela na kaɗa kare. Direban da ya ji haka ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari sak, kada ya danna birki da ƙarfi. In kuwa kaya ya taru gaba ƙwarai, ƙafafun gaba na mota su ke yin sauƙi, sitiyari ya daina jin magana.

Tantan tana da nata haɗarin dabam, kuma shi ya fi saurin kisa. Tun 1926 wani mutumin Ailan, Harry Ferguson, ya yi rajistar dabarar haɗa garma da tantan, wadda ta zama hannuwan nan uku da ke bayan kowace tantan yau, kuma cikin abin da dabarar ta yi magani har da tashin gaban tantan in garma ta ci karo da dutse ko saiwa. Hannun sama na garma ne. Jan kaya kuwa yana da wurinsa, ƙarfen nan na ƙasa wanda ke ƙarƙashin aksul. Amma sai ka ga lori ta kafe a laka, ko za a tumɓuke kututture, yaro ya ɗaura sarƙa can sama kusa da kujera, wai don ta fi ƙarfi. In abin da a ke ja ya ƙi motsi, ƙafafun baya ba su iya juyawa, sai tantan ita kanta ta juya a kansu, gabanta ya tashi ta faɗo da baya bisa direba. Masana sun auna, ba ta cika daƙiƙa guda ba kafin ta kai inda ba ta komowa. Ƙafa ba ta isa kuloci a wannan lokaci. Haka nan kuma kada a rataya igiya ko sarƙa a ƙwallon mahaɗi a fizgi motar da ta kafe. Ba don fizga aka yi shi ba. In wuyansa ya karye, dunƙulen ƙarfe ne zai taso kamar harsashi, kuma ya kan nufi gilashin motar da ke baya, ko taron 'yan kallo.

Sauran ƙananan abubuwa kowa ya san su, sai dai ba a yi. Yaron mota kada ya tsaya tsakanin mota da tirela sa'ad da direba ke baya, ya tsaya gefe inda a ke ganinsa a madubi. A sa dutse a ƙafar tirela kafin a haɗa ko a kwance. Kada a zura yatsa a rami don a ji ko ya daidaita. Kada kowa ya zauna bisa wuyan tirela. Kuma tirelar da za ta hau kwalta da magariba ba danja, ba ko ɗan abu mai ƙyalli a bayanta, kabari ce aka haƙa wa mai babur.

Za a ce mana, "Ku kuna ofis kuna rubutu, ba ku san halin da a ke ciki ba." Mun san wani abu daga ciki. Mun san ƙarfe ya yi tsada, mai ya yi tsada. Mun kuma san abin da ya fi wannan, cewa fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga sun hana ƙauyukan Zamfara sakat, har akwai gonakin da ba a zuwa sai da fargaba. Direban da ya shiga daji kwasar amfani so ya ke ya yi sawu ɗaya maimakon uku, ya fito da rana tsaka. Wa zai zarge shi? Amma wannan dalili shi ne namu ma. A zamanin lafiya, wanda mahaɗinsa ya karye a daji sai ya kwana bisa buhunansa, da safe a kawo mai walda. Yau fa? Motar da ta tsaya a daji da la'asar sakaliya, da kaya a warwatse da mutum a kwance, ba karayar ƙarfe kaɗai ke gabanta ba. Sawu biyu da aka tabbata za a fito sun fi sawu ɗaya na caca. Batun tsada kuwa, a ɗora kuɗin ƙusoshi shida masu lamba da sarƙa biyu a gefe guda, a ɗora kuɗin buhunan sawu ɗaya tak a ɗaya gefen, ba ma sai an kawo kuɗin ɗori da na asibiti ba.

Hukuma ma tana da nata rabo. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci na jiha, muna roƙonsu in sun tsai da mota mai tirela, bayan takardu su zagaya baya su dubi mahaɗi da sarƙa. Sai dai muna gudun kada abin ya zama sabon dalilin tsai da talaka a hanya ba tare da an koya masa kome ba. Yawancin tirelolin nan ma ba su hawa kwalta sai jifa-jifa, saboda haka tara ba za ta kai inda cutar ta ke ba. Koyarwa ita za ta kai. Ga kwalejin fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda, ga makarantar aikin gona a Bakura, akwai malamai da suka san ƙarfe da na'urar gona. Kwas na kwana biyu ga masu walda da kanikawa da direbobin tantan, da Hausa, da karyayyen mahaɗi a bisa tebur kowa ya taɓa ya ga tsatsar da idonsa, zai yi aikin da takarda ba ta yi. Mai walda guda da ya gane, ya kuma iya ce wa mai mota, "Alhaji, ba na liƙa wannan a bamba," ya tsare hanya fiye da shinge goma. Kuma duk sa'ad da Gwamnati za ta raba tantan ga manoma, a haɗa kowace da ƙusar mahaɗi ta asali guda biyu da sarƙoƙinta, a nuna wa direban wurin da a ke ja da wurin da ba a ja, kafin a miƙa makulli.

Ba sai an jira Gusau ba kuwa. Muna ba Ƙaramar Hukumar Bunguɗu da hakimai da dagatai shawara su sa rana guda kafin a fara yankan dawa, a tara motoci da tantan masu jan tirela na Furfuri da kewaye a fili ɗaya, a kira shugabannin direbobi da na masu walda. A wanke bayan kowace mota, a kankare laka da burushin waya, a bi bakin kowace walda da kowane rami da ido da guduma. Inda aka ga siririn layin tsatsa, a shafa masa jan fenti, motar ta tafi gareji, kada a ɗora mata ko buhu ɗaya sai an sake dubawa. In ƙasar Tsafe ta ga abin ya yi kyau, ita ma ta sa tata ranar.